Akwatin Littattafan Kailu

Gardin, ɗan sandan gwamnatin Faransawa, ya kife akwatin a tsakiyar rumfa, littattafan suka zube kan turamen atamfa. Kailu ya sunkuya zai ɗauki wanda ya faɗo ƙasa, gardin ya ture masa hannu da kulki.

"Mai da su ciki ka ɗora a ka," ya ce da harshen Jula. "Bature na jiranka a Treichville."

Layin 'yan atamfa na kasuwar Adjamé ya yi tsit. Maƙwabtan da suka sha shayi da shi da safe kowa ya duƙufa kan kayansa.

Kailu mutumin Tasawa ne, shekararsa goma sha huɗu a Abidjan. Ya koyi karatun boko a Kano, lokacin da ya yi wa wani attajiri tsaron kanti. Littattafansa uku ne kacal, duk na Hausa, fataken goro suka kawo masa daga Kumasi tun kafin a rufe iyaka. Ɗaya na kiwon lafiya, ɗaya labarin wani alhaji da ya je Makka a ƙafa, na ukun ƙagaggen labari. Duk Juma'a bayan la'asar yakan karanta wa mutane a gindin mangwaron bayan rumfarsa. Amma tun da yaƙin Turawa ya raba Faransi da Ingila, duk takardar da aka buga a ƙasar Ingilishi ta zama abin tsoro. A watan jiya aka tafi da wani mutumin yankin Indénié saran katako a daji saboda tsohuwar jarida.

A bakin ruwa, inda ake shiga jirgin ƙetarawa Treichville, ya tarar an tattaro uku daga cikin masu sauraronsa: Malam Inusa mai makarantar allo, da Inna Tsahara mai waina, da Babani ɗan dako. Babani ne abin tsoron Kailu. A ƙagaggen labarin nan akwai wani sarki mai kwashe samarin ƙauye su haƙa masa ganuwa, ranar Juma'ar da ta wuce kuwa Babani ya miƙe a gaban jama'a ya ce da ƙarfi, "Wallahi wannan sarki Nasara ne, suna kawai aka canja masa!"

Da jirgin ya kai tsakiyar ruwa, Kailu ya matsa kusa da shi.

"Babani, don Allah don Annabi, ka riƙe bakinka yau."

Babani ya kawar da kai. Gumi ne kawai ke bin wuyansa.

Ofishin ɗaki ne mai taga ɗaya. Baturen na zaune bayan tebur, jan wuyansa ya cika kwalar riga. A gefensa tafinta ke tsaye, Ɗantani, Badamagare mai farin wando da hular Turawa, wanda Hausawan Adjamé ke gaisarwa daga nesa. Aka zaunar da Kailu a ƙasa jikin bango, aka ce in ya yi tari ma sai ya kwana a nan.

Baturen ya jujjuya littattafan. Ya ce ba shi da lokacin zama a fassara masa shafi ɗari, waɗanda suka saurara su za su faɗi abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya. In maganarsu ta saɓa, ya san abin da zai yi.

Aka fara shigo da Malam Inusa. Baturen ya ɗaga littafin ƙagaggen labarin.

"Wannan?" Malam ya taɓe baki. "Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da ba a taɓa haifa ba, a garin da ba a taɓa ginawa ba, manya da gemunsu su zauna suna jimami. Na sha gaya wa Kailu ɓata lokaci ne."

"To me ke kai ka?" in ji tafinta.

"Wancan." Ya nuna na kiwon lafiya. "Shi ya ce a tafasa ruwa kafin a ba yaro mai gudawa. Na yi gardama, na ce kakanninmu ba su tafasa ba. Da ciwon ya kama Huseina, 'yar autata, sai na tafasa. Tana nan tana wasa. Na alhajin kuma akwai kuskure a wurin ɗawafi, amma ya iya bayanin ƙishirwa. Ni ma na bi hanyar nan."

Ɗantani ya juya maganar, Baturen ya rubuta. Aka shigo da Babani.

Ƙaton da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ya durƙusa gaban Baturen, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran Faransawa.

"Mushe, ni barci nake yi in ana karatu. Inuwa nake bi. Na dai ji akwai doki a ciki... ko raƙumi ne."

"Ba ka ce komai ba game da wani sarki?"

"Ni? Wane ni!"

Kailu ya saki numfashi a hankali. Saura Inna Tsahara, ita kuwa bai taɓa jin ta ce uffan a wurin karatu ba. Zama take a bayan maza da tirenta, tana goge ido da bakin mayafi.

Ta shigo tana ɗingishi, ba ta jira an ba ta izini ba ta zauna a kan benci.

"Iya, Bature na tambaya me ke cikin littafin nan," in ji Ɗantani.

"Ɗana ne a ciki."

"Ɗanki kamar yaya?"

"Mati. A littafin wata tsohuwa ce aka kwashe mata ɗa, aka kai shi haƙar ganuwa, ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Ni ce. Shekara shida ke nan da aka zo Adjamé da mota aka ɗebi samari aikin hanyar jirgin ƙasa. Wata uku aka ce." Ta ɗago ta dubi Baturen ido cikin ido. "Gaya masa sarkin cikin littafin nan ko kunya yana ji, don shi yakan aiko da labarin wanda ya mutu. Su fa? Ka gaya masa haka, kada ka rage."

Kailu ya dubi Ɗantani. Baturen ya ajiye alƙalami, ya dubi tsohuwar, ya dubi tafintansa, yana jira.

Ɗantani ya gyara tsayuwa ya yi magana. Faransancin Kailu na kasuwa ne, amma ya isa ya gane abin da aka ce: tsohuwar ta ce labarin wata uwa ce mai kewar ɗanta, yana tuna mata da nata da ya yi tafiya, shi ya sa take kuka.

"Ta yi magana mai tsawo," in ji Baturen.

"Tsofaffi ne, Mushe. Suna maimaitawa."

Baturen ya daɗe yana kallonsa. Sai ya bugi tebur. Mutum uku, magana uku! Ɗaya ya ce ƙarya ce, ɗaya ya ce doki, ɗaya ta ce ɗanta. Ya nuna Kailu, ya ce mai littafin ya tashi ya faɗi nasa.

Kailu ya miƙe. Duk abin da ya shirya a cikin jirgi ya gudu daga kansa, abin da ya fito bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Mushe, yaron da aka kwashe ya tsere daga wurin ganuwa. Amma bai koma gida ba. Ya sami kasuwa a wani gari, kullum yana cewa baɗi, baɗi. Ni abin da na gani a ciki ke nan. Na baro mahaifiyata a Tasawa na ce mata damina biyu. Ba wanda ya kwashe ni. Da ƙafata na zo."

Wannan karon Ɗantani bai rage ko kalma ba. Baturen ya ja tsaki, ya ce ya ɓata yininsa a kan kukan mata. Ya tura wa Kailu littafin kiwon lafiya, sauran biyun ya jefa cikin aljihun tebur ya murɗa makulli. Ya ce in aka sake ganin taro a gindin mangwaron nan, daji za a kai su dukansu.

A tashar jirgin ruwa ta Treichville suka tsaya jiran jirgin komawa. Babani ya tsaya can nesa yana kallon ruwa. Malam Inusa na jan carbi. Kailu ya zauna kan akwatinsa.

Inna Tsahara ta dafa kafaɗarsa ta zauna kusa da shi.

"Bai gaya masa ba, ko?"

"Bai gaya masa ba, Inna. Da ya faɗa, da ba mu nan."

Ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ba mu kai ƙarshe ba fa. Babi biyu suka rage. Yaron ya koma?"

Kailu ya riga ya karanta babin ƙarshen nan sau tara shi kaɗai. Yaron ya koma, ya tarar da gidan ya rushe, aka nuna masa kabarin uwarsa.

"Ya koma, Inna," ya ce. "Da hantsi ya isa. Tana bakin ƙofa. Idonta ya mutu, amma da ya yi sallama ta kira sunansa."

Ta juyo ta ƙura masa ido har sai da ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya kake, Kailu. Muryarka ba haka take ba in kana karatu." Ta gyara mayafinta. "Amma ci gaba. Sai ta ce masa me?"