Wasiƙar Hannun Hagu

Maman Auta ta ɗora takarda a kan teburi, ta cire murfin biro, tana neman yadda za ta kwaikwayi maganar mahaifinta. Saura rabin awa motar makaranta ta zo, ita ma ana jiranta a ɗakin awon jini na asibiti, inda take aiki.

Malamar aji biyu ce ta jawo wannan aiki. Ta karanta wa yara labarin wani mai raba wasiƙu, su kuma suka nace sai sun buɗe nasu gidan waya. Aka shafa wa kwali jan fenti, aka yanka masa baki. Kowa zai rubuta wa wani na gida, na gidan ya ba da amsa a jefa a akwati. Yau ce ranar buɗewa. Auta, 'yar shekara bakwai, ta tsallake uwa da uba da yayye, ta rubuta wa kakanta.

Shi kuwa Baba, shekara guda ke nan shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da magana. Mutumin da ya tsufa yana gyaran agogo, yanzu a baki ake ba shi abinci. Likita ya ce ba a san iya abin da yake fahimta ba. Tun daga nan aka saba yin zancensa a gabansa: ya ci, bai ci ba, a juya shi. Auta kaɗai ke zama gefensa bayan makaranta, tana karanta masa littafinta da ƙyar.

Wasiƙarta layi biyu ce: "Kaka, in ina maka karatu kana ji? Ka faɗa mini gaskiya."

Maman Auta ta rubuta "Jikata", sai ta rasa ta cewa. Ta tashi don ta ɗauko wasiƙar Auta ta sake dubawa. Kwana uku ke nan tana kan tiren Baba, inda yarinyar ta ajiye ta da fensir.

A bakin ƙofa ta tsaya cak. Baba ya sunkuya a kujerarsa, ya danne takardar da kofin ruwa, ya dunƙule fensirin a hannun hagu. Gumi na bin wuyansa. Ba abin da ake ji sai kartar fensir, ya ja layi, ya huta, ya sake ja. Ta kasa motsi, tana tsoron ko numfashinta ya katse shi. Harafi ɗaya ya ci masa kusan minti biyu. Da ya gama, fensirin ya suɓuce ya gangara ƙasa.

Ta matso. A bayan takardar, da manyan haruffa masu karkata, wasu sun hau kan wasu, ya rubuta: "INA JI. SHAFI NA 9 KIN TSALLAKE LAYI. KI SAKE."

Ta karanta sau uku. Auta ta shigo da jaka a baya, ta karɓa, ta bi haruffan da yatsa. Ko kaɗan ba ta yi mamaki ba. Ta dai turo baki ta ce wata kalma ce ta yi mata wuya, shi ya sa ta wuce layin.

"Ai na san yana ji, Mama. Hujja nake so in kai wa Malama."

Gefen bakin Baba mai motsi ya ɗan ɗaga. Motar makaranta ta yi hon, yarinyar ta ninke takardar a hankali, ta fita da gudu.

Ɗakin ya yi tsit. Maman Auta ta shiga tuna maganganun da aka yi a nan cikin shekarar, har da ranar da ta ce wa mijinta ta gaji, Baba yana zaune a wannan kujera. Kunya ta kama ta, amma mamaki ya fi kunyar yawa: ashe duk yana nan, bai je ko'ina ba.

Ta buga waya wurin aiki ta ce za ta makara. Ta tsinci fensirin, ta feƙe shi, ta samo sabon littafin rubutu ta buɗe a kan tiren. Sannan ta durƙusa a gabansa, ta dubi idonsa.

"Baba, ina kwana?"

Ta sa masa fensirin a hannu, ta jira.