Jirgin da Ba Madaci Ba

"Inna, don mi jirgin Baba ya yi ja a waje, cikinai kuma fari awa rogo?"

Nana Aisha ce ta yi tambayar a bakin ruwa, a gaban ubanta Hodi, tana nuna inda ta kankare katakon da ƙusa. Uwarta Mansura ta duba. Ita ɗiyar masassaƙin jirgi ce, ta san madaci tun tana ƙarama: ja ne har zuciya, ga nauyi, farce ba ya shigarsa, kuma yakan shekara goma a ruwa bai ruɓe ba. Ta danna farcenta a wurin, ya nutse kamar a sabulu.

Hodi ya kau da kai. Ya ce shi ma da ya ɗauki katakon a kasuwar Birnin Kebbi ya ji bai da nauyi, amma mai sayarwa ya rantse madaci ne, bushewa ce kawai, ga shi da araha. Ashe farin katako aka rina.

Ba lokacin faɗa ba ne. Jaririn Mansura, Abdussamadu, na goye a bayanta, jikinsa kamar garwashi, tun safe sau biyu yana sandarewa. Ambaliya ta shanye fadamar shinkafa tsakanin ƙauyensu da hanyar Gulma, inda za a sami mota zuwa asibitin Argungu. Sauran jirage duk sun tafi kamun kifi.

"Malam, tura mu tafi," in ji ta. Ta miƙa Nana Aisha ga maƙwabciya, ta ɗauki kwanon sha.

Ba su kai tsakiya ba ruwa ya fara tsattsafowa ta bakin ƙusoshi, inda katakon ya jiƙe ya yi laushi a wata uku kacal. Tana kwarfewa, yana dawowa. Da haɗin katako biyu ya buɗe, ta cire ɗankwalinta ta cusa, ta take da diddige. Hodi yana tuƙi yana ba ta haƙuri, ta ce ya bar haƙurin sai sun taka ƙasa. Yaron ya yi shiru a bayanta, shirun nan ya fi ruwan ba ta tsoro.

Saura kaɗan su kai gaci gindin jirgin ya rabe. Ta kwance goyon, ta ɗaga yaron sama da kanta, ta ratsa ruwa har ƙirji, Hodi na biye da ita, tana kiran sunan Allah. Sai a cikin mota ya yi kuka, ita ma ta fashe da nata. Kwana huɗu suka yi a asibiti, aka sallame su da rai.

Kai da za ka sayi katakon jirgi, kada ka yarda da launi ko rantsuwa. Tafi da wuƙa, ka kankare, ka ga cikinsa kafin ka ɗora 'ya'yanka a kai.