Katin Jaririya Wozniak

"Mami, wace ce Jaririya Wozniak? Kina da wata 'ya ne da kika ɓoye mana?"

Dessa ce ta jefo min wannan tambayar, tana zaune a ƙasan teburin kicin da almakashinta, tana yanka taurari daga takardun tallan da na watsa a kwandon shara. Shekarunta shida, bana ta fara haɗa baƙi, ba rubutun da take bari ya wuce.

Mahaifiyata Loretta ta ajiye kofin kofinta. "To, Renata, sai ki faɗa mana. Ni ma ina so in ji."

"Mama, don Allah!"

Na karɓi katin da ke hannun Dessa, almakashi ya riga ya cinye masa kusurwa guda. Wozniak sunan gidanmu ne kafin na yi aure, adireshin kuma na Mama ne a nan Toledo ta Amurka, ita ta kawo min shi cikin tarin wasiƙu, na zaci talla ne na jefar. Ƙananan rubutun sun ce masu kutse sun kwashe bayanan marasa lafiya daga asibitin da na haihu, wasu sun kai ƙara a madadin kowa, an yi sulhu, duk wanda abin ya shafa ya nemi diyyarsa kafin ranar Juma'a. Ranar Laraba muke.

Sai na tuna. Kwana uku muka yi ni da Curtis, uban Dessa, muna ja-in-ja kan suna. Asibiti kuwa ba ya jiran kowa. Da jariri ya faɗo sai su rubuta jaririya ko jariri, su liƙa sunan gidan uwar, su buɗe masa fayil.

"Ke ce," na ce wa Dessa.

"Ni sunana Odessa Pruitt."

"Kafin nan ba ki da suna."

Ta dube ni kamar na mare ta. "Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, 'yar ƙwai," in ji Mama. "Ni dai Kabewa nake kiranki a lokacin."

Na buɗe shafin intanet ɗin da ke kan katin a waya na sa sunanta na gaskiya. Ya ce babu ita. Na sa Jaririya Wozniak, ya nemi lambar da ke kan katin, lambar kuwa rabinta ya bi tauraro. Muka zazzage kwandon a ƙasa, muka tara taurari goma sha ɗaya, ba mu ga wanda ya tafi da ita ba.

Na kira layin da suka bayar. Bayan minti ashirin na kiɗa wata mata ta ɗauka, muryarta a dishe.

"Madam, ke ce ta tara yau," ta ce. "Jarirai sun fi dubu a jerin nan, kusan duk iyayen sun zaci talla ne."

"Me aka sata na yarinyar da ko suna ba ta da shi?"

"Ranar haihuwa, jininta, da lambarta ta ɗan ƙasa, don kin kawo ta daga baya an ƙara a fayil ɗin. Ɓarayi sun fi son ta yara. Wa zai duba ko an ci bashi da lambar 'yar shekara shida? Sai ta kai sha takwas ta je neman hayar ɗaki a ce mata a'a, wai ana bin ta bashi."

Na kalli Dessa, ta koma yankanta.

"In babu katin fa?"

"Lambar fayil ɗin asibiti ma ta isa. Tana jikin ɗan zoben robar da ake ɗaura wa jariri a ƙafa, in kin ajiye."

Ban ajiye ba. Amma Mama ta riga ta miƙe tana neman makullin mota. "Kuna min dariya wai ba na zubar da komai," ta ce daga bakin ƙofa.

Ta dawo da gwangwanin biskit mai cike da maɓallai da tsofaffin hotuna. Zoben yana ƙasa, da ƙyar zai zagaye yatsuna biyu. Dessa ta gwada shi a ƙafar 'yar tsanarta. Rubutun ya dusashe, sai da na haska shi da fitilar waya na karanto lambobi takwas ɗin.

Shafin ya karɓa. Ya ba ni zaɓi: dala saba'in, ko shekara uku ana sa ido a kan lambarta.

"Karɓi kuɗin ki saya mata takalmin sanyi," in ji Mama.

"Takalmin ba zai kai baɗi ba."

Na zaɓi sa ido. Washegari na kwafi takardar haihuwarta na aika wa ofisoshin da ke riƙe tarihin bashin mutane, na ce su kulle lambarta sai ta girma ta buɗe da kanta. Sun amsa bayan sati uku: ba wanda ya taɓa ta tukuna.

Ke da kika haihu a asibiti, ki tambayi gidanku na da ko wata takarda ta zo da sunan da ba ku gane ba. Ki karanta ta har ƙasa kafin ki jefar, ki duba ranar da za a rufe. Kotu ba ta ƙara wa kowa ko kwana ɗaya, ɗanki kuma bai san an ɗauki nasa ba balle ya nema.