Ƙwayoyin Baba Kafinta

"Ƙafafun za ka riƙe, Baba, ba kan ba," in ji Likita. "Kan ba inda za shi."

Baba Kafinta ya danne ƙafafun karen a kan tebur yana haki. Duna, tsohon baƙin karensa, shi ma haki yake yi. Da makaho zai shigo ɗakin, ba zai gane wanda aka kawo a duba ba.

Likitar dabbobi ce, kuma maƙwabciyarsa. Katanga ɗaya ta raba gidanta da shagonsa. Ta aske gashin cikin karen, ta shafa mai, ta ɗora kan na'urar sikanin a ƙasan haƙarƙari. Tun bara ta yi wa tsohon bayani da yarensa: a zuciyar Duna akwai ƙyauren da ya daina rufuwa daidai, jini na komawa baya, ruwa na taruwa a huhu. Ƙwayar fitsari ke kwashe ruwan. In ta yi kaɗan, kare ya nutse a tudu. In ta yi yawa, ya bushe, ƙoda ta tsaya. Babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ita ke faɗin gaskiya: in ta kumbura ruwa ya yi yawa, in ta lotse an wuce gona da iri.

Yau jijiyar ta lotse kamar tiyon da mota ta taka.

"Ƙwaya nawa kake ba shi?"

"Yadda kika ce."

"Baba, na'ura ba ta jin kunyar furfura. Karen nan ya fi katakonka bushewa."

"To, ba ga shi tarin ya ragu ba?"

Sai idonta ya sauka ƙasa. Ashe tsohon ya tsaga saman takalmansa da wuƙa don ƙafa ta shiga. Ƙafafun sun yi suntum, fatar har sheƙi take. Ta sunkuya ta danna masa yatsa a ƙwauri. Ramin ya zauna, bai taso ba.

"Ina ƙwayoyin da asibiti suka ba ka na zuciyarka?"

Ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar an kira shi gyara.

"Ai iri ɗaya ce, 'yata, na gwada kwalayen. Shi in tari ya sarƙe shi ba ya iya faɗa. Ni kuwa ina da baki."

"Bakin da ka yi me da shi? Shi ka kusa kashe shi da ƙari, kai kana kashe kanka da ragi! Sauke shi, hau teburin nan in ga jijiyarka."

"Na'urar kare? A jikina? Da girmana?"

Ƙwayar mutum a bakin kare ba ta taɓa girman nasa ba, sai na'ura.

Ta ce ya shiga mota ta kai shi asibiti yanzu. Ya ce akwai ƙofar da ya yi alkawarin kafa wa mutane kafin la'asar, gobe in Allah ya kai mu. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ya ɗauki karensa a kafaɗa ya fita, yana tsayawa hutu a kowace inuwa.

Ta buga wa ɗansa waya, babban ma'aikaci a wani gari.

"Haba Anti, ai Baba ya fi mu ƙarfi," ya ce, ana jin ƙarar cokali a faranti. "Karen nan ne matsalar. Zan kira Baban ƙarshen mako."

Da safe ta tsayar da mota a ƙofar shagon ta yi hon. Shiru. Ta same shi zaune a kan benci, ya jingina da bango, don ya daɗe ba ya iya kwanciya. Guduma na kan cinyarsa. Ya riga ya yi sanyi. Ƙofar da ya yi alkawari kuwa, an ce ta kafu tsaf, ko ƙara ba ta yi.

A zaman makoki sai ga shi kowa ya ga ƙafar.

"Ni tun tuni na lura," in ji mai shagon kwana. "Na ce a raina, wannan kumburi ba na lafiya ba ne."

"Wallahi ni ma na faɗa a raina," in ji matar tela.

Unguwa guda ta yi ta magana a ranta, shi ya sa ba wanda ya ji.

Ɗan ya iso da kaya masu guga, ya yi kuka mai kyau. Da ya share hawaye ya tare Likita a bakin ƙofa.

"Anti, karen nan fa? Ko za ki yi masa allurar nan, ya huta, mu huta?"

"Ku huta da me? Wace gajiya kuka yi?" Muryarta ta kai har tabarmar maza. "Ubanka da numfashinsa ya sayi ran karen nan. Taɓa shi ka gani."

"Likita, gidan rasuwa ne fa," in ji matar tela.

"Jiya ma gida ne. Ban ga kowa ba."

Ta ja Duna ta wuce da shi.

Bayan an share makoki ta sake ɗora shi a tebur, ba mai riƙe masa ƙafa. Jijiyar ta dawo daidai, tana buɗewa tana tsukewa tare da numfashinsa. Ta kashe na'urar da ƙarfin da bai kamata ba.

Da ta sauke shi, ya fita a hankali ya bi gindin katanga har ƙofar shagon. An sa kwaɗo, amma ba wanda ya ɗauke takalman. Duna ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta cikin garin katako, ya ɗora haɓarsa a kan tsagaggen takalmin.