Mai Goyo a Gonar Mamman

A kakar 1988, bayan an cire gero, Dakta Lawal na jami'a ya sauka a wata gona kusa da Kalgo, inda tsofaffi ke cewa Kabawa da mutanen Gwandu sun taɓa gwabza yaƙi. Yana so a tona wurin, amma ba shi da ma'aikata, sai ya nemi 'yan sa-kai. Manoma suka zo da fartanya. Wasu makiyaya da suka tsaya kallo suka ɓige da kwasar ƙasa. Malama Salamatu, mai koyar da tarihi a Gwandu, ta kawo ɗalibanta mata, aka ba su rariya suna tankaɗe.

Da farko abin raha ne. Duk kan kibiyar da aka tsinta sai an yi gardama a kanta. Mamman mai gonar ya ce ta kakanninsa Kabawa ce, makiyaya su ce ƙarya yake.

Wata ranar Talata da hantsi, Salamatu tana share gefen rami da buroshi, sai ƙashi ya bayyana. Mutum ne kwance rub da ciki, babu takobi, babu mashi, sai fasasshen tulu kusa da hannunsa. A gadon bayansa akwai wasu ƙasusuwa 'yan ƙanana.

Lawal ya daɗe a durƙushe kafin ya ɗago. "Mace ce," ya ce. "Da goyo."

Ɗalibai suka ajiye rariya. Inna Delu, mahaifiyar Mamman, wadda ke kawo wa masu aiki fura, ta matso ta leƙa.

"Kakata ta ce a lokacin yaƙi mata kan bi mazansu da ruwa," ta ce. "Ba a taɓa gaya mana sunan ko ɗaya ba."

"Inna, ina so in tafi da su jami'a a bincika," in ji Lawal. "Kowanne da akwatinsa."

"Ɗana, duba abin da za ka duba a nan. Amma kada ka sauke mata goyo."

Lawal ya san in ya bar su, akwai abubuwan da ba zai taɓa sani ba. Ya kalli Salamatu, ya ga tana goge ido da bakin mayafi. Ya miƙa mata igiyar awo.

Maza suka ja da baya. Lawal yana tsaye daga nesa yana faɗin abin da za a auna, Salamatu tana awo, ɗalibai suna zanawa. Da aka gama, Delu ta cire mayafinta ta lulluɓe ƙasusuwan.

Bayan la'asar aka sa uwa da ɗa a likkafani guda, liman ya yi addu'a, manoma da makiyaya suna tsaye sahu ɗaya. Aka rufe su a inda suke.

Tono ya ci gaba a yammacin gonar har ƙarshen wata. Lawal ya tafi da gutattsarin tulun, da izinin Delu. Da damina ta sauka, Mamman ya kewaye kabarin da ƙaya, bai shuka komai a kai ba.