Damin da Aka Ɗaure da Jan Ƙyalle

A Bambeye kowa ya san Malam Ciɗo ba ya mantuwa. Shi da kansa yake faɗa, shi ya sa kowa ya sani.

Duk kaka sai ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, ya ɗaure dami guda da jan ƙyalle, ya ajiye a rumbu don iri. Tun rasuwar matarsa, 'yarsa Safiya ce kaɗai ya yarda ta riƙa fiddo hatsi daga rumbun. Bana da hadari ya fara haɗowa daga gabas, ya leƙa ciki, babu dami babu jan ƙyalle.

Bai tsaya tunani ba. Ya nufi gindin itacen aduwa inda mata ke sussuka, ya ɗaga murya.

"Safiya! Kin dake mini iri kin yi hura da shi! Daga yau kar ki ƙara kusantar rumbuna."

Ta dube shi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta.

Kwana uku tana kawo masa fura, ta gaishe shi da ladabi, ta tashi. Hirar da suka saba ta mutu. Abin ya dame shi ƙwarai, har furar ta daina yi masa daɗi, amma ya daure fuska.

Ranar Juma'a bayan salla, Liman Adamu ya tare shi da dami a kafaɗa, jan ƙyalle na reto.

"Malam Ciɗo, ga damin da ka kawo mini cikin zakkar bara. Ka ce Allah ba a ba shi sai mai kyau. Na ga iri ne, na kasa taɓa shi. Amshi ka shibka, ka ɗiba mini kaɗan."

Nan take ya tuna komai, har rigar da ya sa ranar. Kunya ta rufe shi.

A hanya zuciyarsa ta ba shi shawara: ya lallaɓa ya mayar da damin rumbu, ya ce ashe damin ɓuya ya yi a ƙasan hatsi. Har ya kai bakin rumbun, sai ya tsaya. Yanzu ya gama roƙon Allah gafara, ga hakkin 'yarsa a wuyansa.

Ya juya zuwa gindin aduwa. Matan nan dai na ranar suna nan. Ya dire damin, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ɗiyata, nan na ci mutuncinki, nan zan roƙe ki. Ni na badda shi da hannuna, na mance. Ki gahwarta mini."

Taɓarya ta tsaya ko'ina. Wata tsohuwa, Raƙiya, ta ce, "Yau Ciɗo ya yi mantuwa! Ku riƙe ranag ga!" Aka fashe da dariya.

"Baba, tashi don Allah," in ji Safiya, tana dariya tana share ido.

"Ba ni iyawa. Kama ni."

Ta kama hannunsa ta ɗaga shi. Yana kakkaɓe riga ya ce, "To ke mi ya hana ki musu, tunda ba ki yi ba?"

"Ni na aza maka damin a kai ranar da ka kai wa Liman, Baba," ta ce a hankali. "Ban so in hwaɗi gaban mutane ba."