Geron Bakin Iyaka

A ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai, gona ba ta da wurin miƙe ƙafa. Ta wannan na ƙarewa ta wancan ta fara, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Shi kuwa Khalilu, sai Allah ya haɗa shi iyaka da surukinsa, Malam Sha'aban, mahaifin matarsa Raudatu.

Gonar Khalilu ba wata babba ba ce, ta gado ce da aka raba biyar. Da ruwa ya sauka, ya zo da safe ya tarar garmar shanun Malam Sha'aban ta tumɓuke gambar, ta ci masa kunyoyi biyu daga wannan kai har wancan. Nan ne kuma ya fi zuba wa taki, tun rani yake jigilarsa a kan jaki.

Khalilu ya san halinsa. Fushinsa daga kunnuwa yake farawa, su yi zafi, sannan harshe ya kwance, ba ya tsayawa sai ya ɓata abin da ba ya gyaruwa. Ya ji kunnuwan sun ɗauka. Ga tsohon nan tafe yana gyara hula, ko a jikinsa.

"Malam Khalilu, an fito? Yaya ruwa?"

Khalilu ya durƙusa. "Ruwa ya yi gyara, Baba."

To me zai ce wa mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa? In ya je wurin mai unguwa, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ya kai ƙarar uban matarsa, Raudatu kuma ta rasa gidan da za ta kira nata. In kuma ya yi shiru, sabuwar iyaka ta zauna ke nan, don inda aka shuka aka girbe ba wanda ya tanka, nan kowa zai riƙa nunawa. Gaba kura, baya siyaki.

Haka ya yi damina yana noma ya juya wa wannan gefe baya. Geron wurin kuwa, kamar da gayya, ya fi na ko'ina kyau. In kunnuwa suka yi zafi, sai ya ajiye fartanya ya zauna a gindin ɗorawa har su huce. Abin yana cin ransa ƙwarai, amma bai taɓa gaya wa Raudatu ba.

Bayan girbi, sai ga Malam Sha'aban da kansa a ƙofar gida da dami biyu a amalanke, maƙwabta na zaune a dakali.

"Ga wannan a ba Raudatu, yara su sha kunu," in ji shi. "Bana Allah ya sa wa gonar tawa albarka, musamman gefen da ke kusa da kai."

Khalilu ya dubi zangarniyar, manya-manya, ya gane su. Kunnuwansa kamar an ɗora garwashi. Ya durƙusa a gaban kowa.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma."

Maƙwabta suka yi ta cewa ai shi ya dace da suruki. Ya ce wallahi kuwa.

Washegari da hantsi Raudatu ta ajiye masa ƙwaryar fura. Ba ta tafi ba, ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Baban Khaulat, sha, guminka ne," ta ce a hankali. "Na sani tun ranar huɗa. Kullum jira nake ka shigo ka ce in zaɓa, ko kai ko Baba."

Ya ɗaga kai, ya ga idonta ya cika da hawaye. Ya ɗauki ludayin. Ya kai baki ya sha.